Kifin Dutse na Gaɓar Kef: Muhawarar da Hoto Ɗaya Ya Tayar a Zauren Ƴan Maradi

Ɗan Mokoyo:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Kwana biyu kun ji ni shiru, karatu ne ya riƙe ni. Yau da sassafe aka fita da mu bakin teku, kudu da Kef Tawun a Afirka ta Kudu, lokacin da ruwa ya janye. Ga hoton da na ɗauko. Ku dube shi da kyau ku faɗa mini abin da kuka gani.

Hajiya Mai Kifi:
Wa alaikumus salam ɗana. Ni dai dutse na gani da gansakuka, sai ɗan ruwa kwance kamar a kasko.

Ɗalibar Jami'a:
Yaya, ga ido can gefen hagu, ƙarƙashin ganyen nan mai ja. Kifi ne ko?

Ɗan Mokoyo:
Kin gano shi ƙanwata. Ni kaina sai da na yi kusan minti goma a tsugune kafin ya motsa na gan shi. Mutanen nan suna ce masa klipvis da harshen Afirkans: klip dutse, vis kifi, wato kifin dutse. Wannan da ke cikin hoton sunansa na kimiyya Clinus cottoides. Babbansa ba ya wuce santimita 15, bai kai tsawon tafin hannu ba. Bakinsa a dakushe yake, yana da ɗigon baƙi a kan marfin kunnensa, ga wani ɗan gashi-gashi a saman ido kamar gira. Ƙayar bayansa ta taso daga ƙeya har kusa da wutsiya. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ƴan fikafikai biyu sirara da ke ƙarƙashin maƙogwaronsa. Da su yake dogarawa a kan dutse, kai ka ce mutum ne ya dafa gwiwar hannu yana kallon hanya. Ba ya shawagi a tsakiyar ruwa yadda karfasa take yi. Zama yake, in ya ga abinci ya yi wuf, ya sake zama.

Kuma jama'a, kifin nan ba ya zuba ƙwai. Haihuwa yake yi.

Alhaji na Sabon Gari:
Yaro, a yi hattara da abin da ake sawa a zaure. Kifi ya haihu? Shekarata hamsin da ɗoriya ina cin kifi, ƙwai nake tararwa a cikinsa.

Hajiya Mai Kifi:
Ni ma abin da zan ce ke nan Alhaji. Kullum hannuna cikin cikin kifi yake. Tarwaɗa ƙwai, karfasa ƙwai, kifin kwali da ake kawo mana daga bakin teku shi ma ƙwai. Amma bari in faɗi gaskiya, na sha buɗe bakin karfasa in ga ƴaƴa rututu a ciki. Ko irin wannan kake nufi ɗana?

Mushen Kimiyya:
Hajiya, naki daban, nasa daban. Karfasa tana zuba ƙwai a ramin da namiji ya share a ƙasan ruwa, sannan uwar ta kwashe su a baki, ta riƙe su kusan mako biyu ba ta cin abinci har su ƙyanƙyashe su yi ƙwari. Reno ne a baki. Wanda ɗalibinmu yake magana a kai, ƙwan ba ya fita daga jikin uwa sam. Alhaji, maganar yaron tana kan hanya. Akwai kifayen da ke haihuwa, har da wasu manyan kifayen teku, da ɗan ƙaramin nan gupi da ake sawa a kwalabar ado ko a kududdufi don ya cinye tsutsar sauro. Ba su da yawa ne in an gwada da masu ƙwai, kuma ba su ne ke zuwa kasuwarmu ba.

Ɗan Mokoyo:
Na gode Mushe. Alhaji, da girmanka ba zan kawo maka abin da ban tabbatar ba. Namijin kifin nan yana da ƴar gaɓa a ƙarƙashin ciki wadda yake saduwa da mace da ita, har da ita ake bambance namiji da mace in an kama. Ɗan yana girma ne a cikin ƙwayar da ya fito, can cikin uwar, kewaye da wani ruwa mai gina jiki da jikin uwar ke fitarwa. Tun bakinsa bai fara aiki ba fatarsa da fikafikansa ke tsotsar abincin, daga baya hanjinsa ya karɓi aikin. Ranar da zai fito, da kamannin kifi yake fitowa.

An fi yin binciken wannan a kan yayansa, Clinus superciliosus, wanda ke kai santimita 30. A cikin mace ɗaya an tarar da ciki har hawa 12 a lokaci guda: wasu sun kusa fita, wasu suna tsaka-tsaki, wasu yanzu aka fara su.

Ungozoma ta Zariya:
Tsaya ƙanena, nan ka shigo fagena. Ciki a kan ciki kake nufi? Mu a wurin mace ƴar Adam, da zarar ciki ya zauna jiki yana rufe ƙofa. Sinadaran jiki suna hana wani ƙwai fitowa, bakin mahaifa ya toshe, sai an sauka lafiya. Tagwaye ma tare suke tafiya. Amma ita wannan baiwar Allah tana ɗauke da na yau da na wata mai zuwa da na bayansa? Yaushe take hutawa?

Ɗan Mokoyo:
Haka ne Anti. Ba ta tara su ta sauke gaba ɗaya, kaɗan-kaɗan take sakinsu. Ki dubi girman jikinta. Da a ce duka za su girma tare, cikin ba zai ɗauke su ba. Da yake wasu manya ne wasu ƙanana, sai wurin ya isa.

Ungozoma ta Zariya:
Subhanallahi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne abincin. Babu mabiyiya, babu cibiya, amma uwa tana ciyar da ɗa ta fatarsa. Na karɓi haihuwa ba adadi, kuma har yau in na riƙe mabiyiya a hannu sai na yi shiru na ɗan lokaci. Yau ga wata hanyar daban da aka bi aka kai ga abu ɗaya. Zan ba abokan aikina labari a wurin gadi daren nan.

Malam na Bagalam:
Allah mai halitta yadda ya so. Wanda ya ga irin wannan ya yi tasbihi, ya samu lada. Ɗana, ina da tambaya. Ana yawo da wani bidiyo a wayoyi, ruwa biyu masu launi daban sun haɗu ba su gauraya ba, ana cewa a ƙasar da kake ne. Ka gani da idonka?

Ɗan Mokoyo:
Allah gafarta Malam, na je har tsinin Agulas, inda nahiyar Afirka ta ƙare ta kudu, inda aka sa alamar rabuwar tekun Atalantika da tekun Indiya. Babu layi a kan ruwa, ruwan yana gauraya. Amma bambancin yana nan, jiki ne ke jin sa. Ta yamma akwai igiyar Bengela, ruwa mai sanyin gaske da ke tasowa daga ƙasan teku, in ka sa ƙafa minti biyu sai ta yi tsami. Ta gabas kuma igiyar Agulas ce ke gangarowa da ruwan ɗumi daga wajen Mozambik. Kifin dutsen nan yana zaune ne a gaɓar da ke tsakanin biyun, daga yamma har wajen kogin Kei.

Malam na Bagalam:
Madalla. Gara da na tambayi wanda ya je. Batun ci kuwa, kafin wani ya tambaya, a wurinmu Malikawa abin da ke rayuwa a teku halal ne.

Alhaji na Sabon Gari:
To Malam ya halatta, amma wa zai ci? Kifin da bai kai tafin hannu ba. Na karɓi maganar haihuwa tunda Mushe ya sa baki. Abin da ban karɓa ba shi ne a ɗauki yaro daga Maradi, a kai shi ƙarshen duniya, ya tsuguna yana kallon kifin da ba a sayarwa. Ƙasarmu ba ta da teku. Da kiwon tarwaɗa ya koyo, da ya dawo mun haɗa jari mun gina tafkunan siminti a Jiratawa, matasa goma sun samu abin yi. Ina faɗa ne don ina ƙaunarsa, mahaifinsa abokina ne.

Ɗan Mokoyo:
Na san don ƙauna ka faɗa Baba Alhaji, kuma kiwon kifi yana cikin abin da ake koya mana. In Allah ya maido ni lafiya za mu zauna a kan maganar tarwaɗa.

Shugaban Zaure:
Jama'a, Baba na Madarunfa ya aiko da saƙon murya. Saboda masu ƙarancin intanet na rubuta shi yadda ya faɗa.

Baba Masunci:
Ina gaida mutanen zaure. Jikana ya nuna mini hoton, ya karanta mini abin da kunka ce. Alhaji, ka yi haƙuri in ba ka amsa. Masuncin da kifin miya kaɗai ya sani bai san ruwa ba. Mu da munka tashi, iyayenmu ba su fara koya muna giwan ruwa ba. Ƙananan nan da ke bakin gaɓa su anka fara nuna muna, don su ka faɗa maka lafiyar ruwa. In ka zo da safe ka tarar ƙanana sun taso sama suna haki, ka san ruwa ya ɓaci tun manya ba su nuna ba. In ka ga zalɓe ya bar wuri, ƙanana sun ƙare, manya ma suna hanya. Yaron nan da ya tsuguna minti goma yana jiran kifi ya motsa, aikin masunta ya yi.

Tambayata gare shi ita ce: ruwan da na gani cikin hoton bai fi na alwala ba. Rana ba ta shanye shi? In ta shanye, ina kifin ka zuwa? Mu nan gaiwa muke da ita. In tabki ya ƙafe sai ta nutse cikin laka, ta naɗe kanta da yauƙi, ta bar ƴar ƙofar shan iska, ta kwana nan har ruwa ya dawo. Masu yin tubali suna haƙo ta da rani da ranta. Shi wannan mi yake yi?

Ɗan Mokoyo:
Baba, ina gaisuwa, Allah ya ƙara lafiya. Tambayarka ita ce gindin karatun namu gaba ɗaya. Ruwan bai samun lokacin ƙafewa, domin teku yana cika yana janyewa sau biyu a yini. Tsakanin cika da cika awa 12 ne da kusan minti 25. Wata ne ke jan ruwan, rana tana taya shi. A tsayuwar wata da daren sha huɗu janyewar ta fi nisa, cikar ma ta fi ƙarfi. A gaɓar nan bambancin yana kai mita ɗaya da rabi zuwa biyu. In ruwa ya janye sai ya bar ragowa a kwarmin duwatsu, a nan kifin yake jira.

Amma jiran ba sauƙi gare shi ba. Ruwan teku yana da gishiri kusan giram 35 a kowace lita. In rana ta buga kwarmin, ruwan ya yi zafi, ya ragu, gishirin ya ƙaru. In ruwan sama ya sauka, gishirin ya tsinke. Da dare ciyawar ruwan tana shan iskar da kifin ke buƙata. Ga tsuntsaye a tsaye a kansa, shi ya sa launinsa yake bin launin wurin da yake, wani kore, wani ja-ja, wani kamar ƙasa. Bayan ƴan awoyi kuma igiyar ruwa ta dawo da ƙarfinta tana dukan dutse, dole ya lafe a tsaga kada ta tafi da shi. Da ruwan ya rufe duwatsu sai ya fito kiwo: ƙananan ƙwarin ruwa dangin jatan lande, ƙananan katantanwa, tsutsotsi.

Baba Masunci:
To na gane. Abin da gulbi ka yi muna sau ɗaya a shekara, shi teku ka yi mashi sau biyu a yini. Gaiwa tana haƙurin wata bakwai, shi yana haƙurin awa shida. Kowa da irin jiran da anka ɗora mashi.

Mushen Kimiyya:
Baba, wallahi da wannan maganar zan buɗe darasina. Shekara da shekaru ina zana wata da duniya a allo don in bayyana cikar teku ga yaran da ba su taɓa ganin ruwan da ya fi tafkin Madarunfa ba, suna kwafa ba tare da abin ya shige su ba. Amma kowane yaro a Maradi ya san ranar da ake cewa gulbi ya kawo.

Wani abu kuma ga masu son tarihi. Babban yayan nan, superciliosus, masanin halittu Linné na ƙasar Suwidin ne ya sa masa suna tun 1758, kuma kalmar daga gira take a Latin. Ƙaramin da ke hotonmu wani Bafaranshe ne, Valenciennes, ya bayyana shi a 1836. Dangin gaba ɗaya sun kusa iri 90 a duniya. Akwai su a Ostareliya, akwai a gaɓar Kalifoniya, akwai iri ɗaya a Bahar Rum. Na Amurka da na Bahar Rum ƙwai suke yi. Kudancin Afirka kaɗai yana da wajen iri 40, kuma galibinsu babu su a ko'ina sai can.

Ɗalibar Jami'a:
Mushe, wannan na ƙarshen ne ban gane ba. Teku a buɗe yake, babu katanga. Me ya hana su bazuwa har Kwatano ko Legas?

Ɗan Mokoyo:
Haihuwar ce ta hana su, ƙanwata. Yawancin kifayen teku suna watsa ƙwai ne cikin ruwa, dubbai ko miliyoyi. Ƙwan da ƴan tsutsar da ke fita daga ciki suna yawo a saman ruwa makonni, igiya tana kai su nesa. Mafi yawa suna mutuwa, amma waɗanda suka tsira sukan sauka a gaɓar da iyayensu ba su taɓa gani ba. Shi kifin dutse ƴaƴansa kaɗan ne, sun fito da ƙarfinsu, kuma ba sa daɗewa suna yawo, kusa da inda aka haife su suke zama. Babba kuma ba matafiyi ba ne. Doguwar gaɓar rairayi marar dutse ta ishe shi katanga.

Masu bincike a Jami'ar Sitelanbosh ta nan Afirka ta Kudu sun ɗebi irin wannan na hoton daga wurare daban-daban na gaɓar, suka gwada ƙwayoyin gadonsu. Sun tarar na wani yanki sun bambanta da na wani, kuma tsinin Agulas yana cikin wuraren da rabuwar ta fito. A ido kifi ɗaya ne, a jini kuwa zuriya-zuriya ne, kowace da unguwarta.

Hajiya Mai Kifi:
Ashe kifin rijiya ne a bakin teku.

Ɗan Mokoyo:
Inna, kin faɗe shi a taƙaice. Kuma nan ne amsar da nake son ba Baba Alhaji. Kifin da ƴaƴansa ke yawo, in wani wuri ya lalace, wasu za su zo daga nesa su cike gurbin. Wanda ba ya tafiya, in unguwarsa ta lalace, babu mai zuwa. Akwai ɗan uwansa, Clinus spatulatus, da aka bayyana a 1983. Duk duniya gidansa shi ne tafkin bakin kogin Bot, gabas da Kef Tawun kusa da garin Hermanus, da ƴan ruwayen da ke maƙwabtaka da shi. Yana cikin jerin halittun da ake tsoron ƙarewarsu. Tafkin nan rairayi ne ke toshe bakinsa ya raba shi da teku, wani lokaci shekaru. In ya daɗe a rufe ruwan kogi ya rinjayi gishiri. A 1981 kifayen teku masu yawa sun mutu a ciki saboda haka. Sai ya zama mutane ne ke yanke shawarar yaushe za a kawo mota a fasa rairayin, kuma masunta da masu gidaje a bakin ruwa da masu kula da tsuntsaye ba bakinsu ɗaya ba. Ranar da na ji wannan darasi, Madarunfa ce ta faɗo mini a rai.

Ɗalibar Jami'a:
Yaya, a nan ban bi ka ba. Kifayenmu ba irin wannan ba ne. Tarwaɗa tana tafiya, in an yi ruwa har kan ciyawa take jan ciki ta koma wani kududdufi. Karfasa tana bin ambaliya. Giwan ruwa ƙwai miliyoyi take zubawa. Kuma irinsu suna nan daga kogin Kwara har tafkin Cadi har Nilu. Ko tafkin Madarunfa ya ƙafe ƙaf, Allah ya kiyaye, tarwaɗa ba za ta ƙare a duniya ba. Kada mu ɗauki matsalar wani wuri mu liƙa wa namu don ta yi daɗin faɗa.

Ɗan Mokoyo:
Kin yi gaskiya, irin ba zai ƙare ba. Na wuce gona da iri in har haka maganata ta nuna.

Mushen Kimiyya:
Ku biyun kowa ya riƙe gefe ɗaya. Ɗiyata, kifinmu matafiyi ne, amma sai da hanya. Gulbin Maradi daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya shigo ta kudu, ya wuce Maradi da Tibiri da Gidan Rumji, ya koma Najeriya ya faɗa gulbin Rima. Ƴan watanni yake gudu a shekara. Kakanninmu sun san ƙarfinsa, ambaliyar 1945 ce ta cinye tsohon gari da ke cikin fadama har aka hau tudu aka sake gini. Yanzu akwai madatsar Jibiya can sama, ga rairayi da ke gangarowa daga gonakin da aka sare itatuwansu yana cike hanyoyin ruwa. In ambaliya ba ta kai wani tabki ba shekara biyu, uku, kifin cikinsa ya zama kamar na kwarmin dutsen da teku ya daina zuwa.

Baba Masunci:
Mushe ya faɗi abin da ke cikin raina. Akwai tabkuna ƙanana da na sani tun ina yaro, kowace damina gulbi na shiga ya zuba masu iri. Da kaka mu je mu yi su da gora da koma, gari duka ya ci. Wasunsu yau gero aka nomawa a wurin. Ba wanda ya kashe kifin, hanya ce ta toshe. Kuma mu ma masunta muna da namu laifi, ba ni ɓoyewa. Gidan sauro da anka ba mata don yara, wasu da shi suke tace ruwa, su kwashe har abin da bai kai farce ba.

Hajiya Mai Kifi:
Baba, ka san ina girmama ka, amma a yi wa masu gidan sauron adalci. Wanda ya kwana da yara ba su ci ba, ba za ka ce masa ya jira kifi ya girma ba. Ni ce nake sayen ƙananan nan in soya in ƙulla a leda, mata su saya su sa a miya, don shi ne kuɗinsu ke kai wa. In za a hana, a fara samo musu abin da za su kama.

Baba Masunci:
Ban musa ba Hajiya. Yunwa ba ta da haƙuri. Amma wanda ya ci iri ya san abin da ka jiran shi baɗi.

Alhaji na Sabon Gari:
To ai kun dawo kan maganata. In akwai tafkunan kiwo, mai gidan sauro ya samu aiki, Hajiya ta samu kaya, tabki ya huta. Ban janye ba. Abin da na ƙaru da shi, yaron ba wasa ya je yi ba. Amma ina nan ina jiran sa da lissafin abincin tarwaɗa, don shi ne ke karya masu kiwo.

Ɗalibar Jami'a:
Wani abin da ya haɗa wuraren biyu: duka suna cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar kare dausayi ta Ramsar. Na kogin Bot ya shiga a 2017, tafkin Madarunfa a 2019. Mun je can da ajinmu bara, mun ga tsuntsaye, an nuna mana kaburburan waliyyai da ke kewaye da tafkin. Amma ko mutum ɗaya a cikinmu bai tsuguna ya dubi ƙananan kifin bakin gaɓa ba, har da ni. Da an tambaye ni sunan uku daga cikinsu da Hausa, da ban iya ba.

Baba Masunci:
Ki zo ɗiyata, ki zo da littafinki. Ki iske ni da hantsi wurin da aka jawo jirage. Ni ban iya rubutu ba, amma duk wanda kika nuna zan faɗa maki sunanshi da abin da yake ci da watan da yake ƙwai. Ki yi sauri, mu da munka san su ba mu da yawa yanzu.

Ɗalibar Jami'a:
In sha Allahu Baba, Asabar mai zuwa. Zan zo da ƙawayena biyu.

Shugaban Zaure:
Kafin a watse, wane suna za mu riƙa kiran kifin nan da shi a zaure? Ba kowa ke iya furta na Latin ba.

Mushen Kimiyya:
Kifin dutse ya isa, shi ne ma'anar sunansa a can.

Ungozoma ta Zariya:
Ni dai mai goyon ciki zan riƙa ce mata.

Hajiya Mai Kifi:
Mai gira ya fi. Kowa ya ga hoton zai gane.

Baba Masunci:
Mu ba mu sa ma kifi suna sai mun riƙe shi a hannu. Ɗana, in ka koma ka jiƙa hannunka tukuna, kada zafin tafinka ya ƙone shi, ka ɗauke shi a hankali ka ji ko santsi gare shi kamar tarwaɗa ko kaushi kamar karfasa. Sannan ka maida shi cikin kwarminshi, ba wani ba.

Ɗan Mokoyo:
Baba, yana da ɓawo, amma ƙanana ne ƙwarai, sun nutse cikin fata, shi ya sa a ido kamar ba shi da su. A hannu kuwa ban taɓa riƙe shi ba, da ƴar koma muke kamawa mu sa a bokiti mu auna mu mayar. Daren sha huɗu saura kwana shida, ruwa zai janye sosai da safe. Zan koma kwarmin nan, na sa masa alama da wani dutse mai tsaga biyu. Zan yi yadda ka ce in kawo maka labari.

Mushen Kimiyya:
Ka ɗauko mini hoto biyu daga wuri ɗaya, ɗaya ruwa ya janye, ɗaya ya cika. Ka tsaya a inda ƙafarka take kada ka gusa, don yara su gane dutsen ɗaya ne.

Ɗan Mokoyo:
In ya cika, inda nake tsayawa ruwa ne har wuya, Mushe. Zan hau dutsen da ke sama in ɗauko duka biyun daga can.